Burga Ba Ta Maganin Yunwa

Hausa ta daɗe da kalmar burga tun kafin wani ya yi tunanin tsaga burodi biyu ya cusa masa nama a tsakiya. A bakin mutanen da, burga ita ce cika baki da hura hanci da babu komai a bayansu, irin ta ɗan damben da ke zagaya fage yana kirari alhali gwiwoyinsa na rawa. Sai ga shi zamani ya kawo wani abinci daga Amurka, wanda masu shi ke kira hamburger, yaran birni kuma suka gutsure sunan suka ce burga. Da wuya a samu baƙuwar kalmar da ta sauka a masaukin da ya dace da ita kamar wannan. Abin da ya samu wani magidanci na Buza da iyalinsa ya isa shaida.

Mutumin malamin makarantar firamare ne, shekara ashirin da ɗoriya yana riƙe da alli. Ƴarsa ta fari ta ci jarrabawar BEPC, ita ce mace ta farko a zuriyarsu da ta kai wannan matsayi, don haka ya yi alkawarin zai yi mata abin da ba za ta manta ba. Da aka tambayi yarinyar abin da ranta ke so, ba ta ambaci atamfa ko ɗan kunne ba. Cewa ta yi a kai ta sabon gidan abincin nan na Madawa da ƙawayenta ke ta ɗora hotonsa a WhatsApp. Ran wata Asabar, cikin hutun damina, suka shiga motar haya su bakwai: shi da uwargidansa, da yara huɗu, da mahaifiyarsa, wadda ta rantse ba za a yi shagalin kishiyarta ba ta nan.

Gidan abincin na bakin kwalta, gabansa duk gilashi, ga fitilu ja da rawaya ko da rana tsaka. A bisa ƙofa an kafa hoton burga mai girman ƙwaryar fura, nama na naso, ganye shar kamar yanzu aka tsinko shi daga fadama. Tsohuwa ta yi sallama sau biyu, kiɗan da ke tashi daga akwatin bango ya haɗiye muryarta. Aka miƙa wa maigida takardar abinci, sunayen rabi Faransanci rabi Ingilishi, har shi da ke koyar da Faransancin ya koma nuni da yatsa. Aka ce sai an biya kafin a ci. Ya zaro jika 17 da rabi, wato sefa 17.500, abin da zai yi rabin buhun hatsi a wannan lokaci na shekara da rumbuna suka yi ƙasa. Tsohuwa ta nemi ruwan wanke hannu, aka ba ta guntuwar takarda.

Sun kusa sa'a guda suna jira, domin an ɗauke wuta kuma injin gidan ya ƙi tashi. Da abincin ya fito, bai fito tare ba: na auta aka fara kawowa, na tsohuwa ne ya zo ƙarshe. Burodin zaƙi gare shi kamar na yara, yana marmashewa a hannu. Naman, wanda aka niƙa aka daɓe kamar faifai, bayansa ya ƙone cikinsa da sanyi, alamar ya daɗe yana daskarewa yana narkewa a firji. Soyayyen dankalin ya yi laushi cikin man da ya sha wuta ya gaji. Albasa kuwa zobe ɗaya tak, siririya har ana hango naman ta cikinta.

Tsohuwa ta ɗaga burodin sama, ta leƙa, ta mayar.

"Ɗan nan, an kawo marufi. Ina abincin?"

Uwargida ta sunkuyo ta rage murya: "Malam, nawa ka ce ka ba su?"

"Bari dai," in ji shi, "yau ranar yarinya ce."

Ita yarinyar ta ɗauki hoton nata kason ta fuska uku kafin ta kai baki, ta gatsa sau biyu, ta ajiye, ta ce wai ta ƙoshi. Auta ya cinye nasa tas, ya lashe yatsu, ya ɗaga kai ya ce: "Baba, yaushe za mu ci abinci?"

Wani zai ce wannan ai tsautsayi ne na rana ɗaya, kuku ya yi kuskure, wuta ta ba da matsala, gobe sai a dace. Ko da an dace, maganar tana nan. A ce naman ya gasu, dankalin ya yi ƙaras-ƙaras, har yanzu da sauran tambaya: me ya fitar da malamin makaranta daga Buza, ya yi tafiyar kilomita wajen 50, ya zubar da rabin buhun hatsi, don ya nuna wa ƴarsa cewa ta yi abin kirki? Amsar ita ce ba abinci ya je saye ba. Hoton da ke bisa ƙofa ya je saye, da damar cewa su ma sun shiga. Kallon kitse aka yi wa rogo, kuma an daɗe ana koya wa mutane irin wannan kallo.

Abin da ya fi ciwo shi ne wurin da abin ya faru. Madawa ce fa, garin da matafiyi daga Yamai zuwa Maraɗi ko Damagaram ba ya wucewa bai sayi kilishi ba, ya kai wa mutanen gida tsaraba. Ƙasa ce da mahauta suka gaji sanin nama kaka da kakanni, suka san yadda ake shimfiɗa shi kamar takarda, a shanya, a tsoma cikin tunkuza da kayan yaji, a gasa, ya yi watanni bai lalace ba, ba tare da firji ko lantarki ba. A nan ne aka kawo wa tsohuwa niƙaƙƙen naman da ba wanda zai iya cewa na wace dabba ne, ko yaushe aka yanka ta. Albasa kuma fa? Daga fadamun Madawa da kwarin Magiya da Tamaske ake lodin manyan motoci zuwa Akara da Kumasi da Abijan da Lome da Kwatano. Ƙungiyar OAPI mai mazauni a Yawunde ta yi wa albasar Galmi da kilishin Nijar rajista, don kada wani ya ɗauki sunansu ya liƙa wa abin da ba su ba. A tsakiyar wannan arziki ne aka yanka wa baƙo zobe ɗaya, saboda haka aka gani a hoton da aka kwafo daga intanet.

Sai a bi sawun kuɗin. Garin alkamar da aka yi burodin daga waje ya zo, domin abin da Nijar ke nomawa na alkama bai taka kara ya karya ba. Mayonez da jan miyar kwalba da yankan cukun nan mai kama da roba da lemun gwangwani, duk ta tashar jirgin ruwa suka biyo. Wanda ya ga karyewar darajar sefa a Janairun 1994, ko rufe iyakokin da ya biyo bayan 26 ga Yulin 2023, ya san yadda abin da ke zuwa daga bakin teku ke tashin gwauron zabi cikin kwana kaɗan. Daga jika 17 da rabi na malamin, kaɗan ne ya koma hannun manomi ko makiyayi ko mahaucin Adar. Da a wurin mai balangu da mai fura da mai ƙosai ya kashe rabinsu, da kowace dala ta kwana a garin: mai nono ta samu, mai hatsi ya samu, mai wake da mai man gyaɗa da mai itace sun samu.

Bai kamata a manta wace ƙasa ce wannan ba. A shekarar farin 1984 aka soma babban aikin raya karkara na Keita, da kuɗin Italiya da hannun hukumomin FAO da PAM. Mata su ne mafi yawan waɗanda suka ɗauki duwatsu a ka, suka haƙa ramuka a kan tsaunuka, suka dasa miliyoyin itatuwa, ana biyan su da cimaka. Tun 1975 aka fara jera bedi layi-layi a kwarin Magiya, cikin ƙasar Buza, don a kare hatsi da dawa daga iska. A 2005 yunwa ta sake shigowa, aka ga iyaye mata jere a cibiyoyin kula da yara masu tamowa a Keita da Madawa da Buza. Mahaifiyar malamin tana cikin tsarar da ta ɗauki waɗannan duwatsu. Duk wannan wahala an sha ta ne don ƙasa ta koma ba da hatsi. Jikar matar da ta yi wannan aiki ce yau take jin nauyin a gan ta da ludayin fura a hoto.

To, wa ya koya mata jin nauyin? Nan ne maganar ta dawo gida, kuma ba za ta yi wa malamai daɗi ba. Abu mai sauƙi ne a ɗora wa wayar salula laifi, ko finafinai, ko ƴan ci-rani masu dawowa daga Abijan da Libiya da sabbin ɗabi'u. Duk suna da nasu kaso. Amma wayar ta tarar da gona an riga an share mata. Shekara da shekaru makarantar boko tana koya wa yaro, ba tare da ta faɗa a fili ba, cewa duk abin da ke da daraja sunansa na Faransanci ne. Waɗanda suka yi lakkol a da suna tune da symbole, ƙashin nan ko guntun icen da ake rataya wa yaron da ya kuskura ya yi Hausa a filin makaranta. An daina rataya shi a wuya, amma inuwarsa ba ta bar aji ba. Ɗalibin aji shida na iya jera cokali mai yatsu da wuƙa da faranti da adikon tebur cikin Faransanci, ya ci maki. A tambaye shi bambancin gumba da dawo, ko yadda ake daudawar batso, ko abin da ake kira gabu, sai ya yi dariya, domin ya fahimci cewa irin wannan sani ba ya cikin abin da ake ba maki. A darasin kimiyya an zana masa abinci mai gina jiki da hoton tuffa da kwalbar madara, ba a ce masa wake da zogala da nono da garin kuka suna yin wannan aiki ba, alhali su ne a tukunyar uwarsa.

Su kansu malaman me suke nunawa? A duba liyafar ƙarshen shekara a kwaleji, ko taron ƙara wa juna sani, ko ma babban taron ƙungiyar raya al'adu, inda ake kwana ana jawabi a kan gadon kakanni. Da lokacin hutu ya yi, me ake rabawa? Burodi da sardin da lemun kwalba. Wanda ya ce a kawo fura da nono a ƙwarya sai a dube shi kamar ya yi ɓatan kai. Yaro ba ya koyon abin da aka faɗa masa kamar yadda yake koyon abin da ya ga manya na girmamawa. Malamin Buza bai yi wani abu baƙo ba. Darasin da shi da abokan aikinsa suka daɗe suna bayarwa ne ya dawo masa da takardar biya.

A watan Maris na 2025 dokar sake gina ƙasa ta ba Hausa matsayin harshen ƙasa, ta mayar da Faransanci da Ingilishi harsunan aiki. Kafin nan, tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko da ke koyarwa da Hausa a Damagaram. Waɗannan matakai ne masu nauyi. Sai dai harshe ba a takardar doka yake rayuwa ba. Yana rayuwa ne a madafa da kasuwa da bakin akushi. Kowane abincin da aka daina ci yana tafiya da kalmominsa: sunan tukunyarsa, da aikatau na sarrafa shi, da karin maganar da aka gina a kansa. Yaron da bai taɓa ganin ana surfe da bakace da ƙulla dawo ba, me zai fahimta in aka ce masa wane ya yi ta dakan ɗaka shiƙar ɗaka? Ana iya ɗaga harshe a kundin doka alhali ana kashe shi a faranti.

Masu kare gidan burga suna da hujjoji, kuma ba duka ne na banza ba. Ta farko, suna cewa Bahaushe bai taɓa rufe ƙofarsa ga abincin baƙi ba. Gaskiya ne. Masara da rogo da gyaɗa da barkono da tumatir duk daga nahiyar Amurka suka taso, yau kuwa ba mai ce musu baƙi. Shayi da burodi sun zama karin kumallon ɗan tasha. Amma a lura da yadda suka shigo. Gyaɗa ta zo ta zama ƙuli-ƙuli da tunkuza. Masara ta zama tuwo. Rogo ya zama gari, aka kwaɗa shi da mai da yaji. Kowannensu ya shiga hannun matan gida, suka juya shi, suka raɗa masa suna, ya bi tsarin cin abincin gida. Ita burga ba ta zo don ta shiga tukunyar kowa ba. Ta zo da ɗakinta da kujerunta da harshenta da dokokinta, tana neman mai ci ya sauya, ita kuwa tana nan yadda take. Mai shayin bakin tasha da ke tsaga burodi ya zuba masa tsire da albasa da yaji ya riga ya yi wa wannan dabara fassarar Hausa tun da daɗewa, a kan kuɗin da bai kai rabin nata ba, kuma mai ci yana ganin naman da idonsa.

Hujja ta biyu ita ce aikin yi. Saurayin da ya buɗe wurin ya sa jarinsa, ya ɗauki yara uku ko huɗu aiki, bai tafi ci-rani ba, bai zauna a fada yana shan shayi ba. Wannan abin yabo ne, kuma ba shi ne abin zargi a nan ba. Ɗan kasuwa inda ido ya karkata yake kai hajarsa. Abin tambaya shi ne me ya sa saurayi mai wannan himma bai ga riba a buɗe wuri mai tsabta da fitilu da kujeru inda za a sayar da dambu da waina da balangu da fura mai sanyi ba. Bai gani ba ne domin ya san masu albashi ba za su ɗauki hoto a can ba.

Hujja ta uku ta fi sauran ƙarfi, kuma masu kukan al'ada sun saba tsallake ta. A gidan Bahaushe, maigida a zaure yake ci, ko shi kaɗai ko da maƙwabta. Mata na ci a cikin gida, yara maza da ƙwaryarsu, mata da tasu. Tsoka mai kyau ta maigida ce, abin da ya rage shi ke isa ga yara, ƴa mace kuma sau da yawa ita ce ƙarshen layi. Ranar nan a Madawa ita ce rana ta farko da malamin ya zauna cin abinci fuska da fuska da matarsa da ƴarsa, kowa da kasonsa daidai da na kowa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma mai yiwuwa shi ne ainihin abin da yarinyar ke nema ba ta san sunansa ba: a zauna da ita, a dube ta, a ce yau saboda ke aka taru. Buƙatar gaskiya ce. Kuskuren shi ne zaton cewa sai an saye ta a bayan gilashi. Tabarmar Madawa, wadda ake saƙa ta da kaba a ƙauyukan da ke kewaye da garin, tana ɗaukar mutum bakwai. Ba abin da ya hana uba ya shimfiɗa ta a tsakar gida, ya sa a yanka zakara, ya ce wa ƴarsa ta zauna kusa da shi, ya tura mata cinya da hannunsa. Al'adar da ba ta iya yin wannan gyara da kanta ita ke kora ƴaƴanta zuwa gidan burga.

Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Wanda ya tsaya a tashar mota ya ga ƙuda na yawo a kan tire, ya ga ana ɗauraye kwano hamsin a ruwan bokiti ɗaya, ya ga an nannaɗe nama a takardar buhun siminti, an zuba koko mai zafi a baƙar leda, ba zai yi mamakin uwar da ta fi amincewa da wurin da ke da gilashi ba. Matar aure ko budurwa ba ta da inda za ta zauna ta ci tsire cikin mutunci. Bencin mai nama na maza ne. Fura da aka dama da ruwan da ba a san asalinsa ba ta kwantar da mutane da yawa. Duk wanda ke son abincin gida ya tsaya da ƙafarsa dole ya faɗi wannan, ya kuma matsa wa ma'aikatun magajin gari da sarakunan fawa lamba a kan ruwa mai tsabta da rumfuna da marufi. Yabon kilishi a waƙa ba ya korar ƙuda.

Sauran duniya ta riga ta bi ta wannan hanya, kuma waɗanda ake kwaikwayo su ne suka fara ja da baya. A 1986, shekara biyu bayan Italiya ta fara zuba kuɗi a Keita, kamfanin McDonald's ya buɗe reshe a tsakiyar birnin Rum. Italiyawa suka yi bore, daga nan Carlo Petrini da abokansa suka kafa ƙungiyar Slow Food, mai kare girkin gargajiya da ƙananan manoma. A Agustan 1999, José Bové da makiyayan tumaki suka wargaza wani reshen kamfanin da ake ginawa a garin Millau na Faransa. A 2010 UNESCO ta sa tsarin liyafar Faransawa cikin gadon ɗan Adam, a 2021 ta sa shinkafa da kifin Senegal, a 2024 ta sa aceken Kodebuwa. Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe shekarar 2023 ga gero da danginsa, saboda jure fari da amfaninsa ga jiki. Wato a daidai lokacin da likitocin manyan birane ke ce wa masu ciwon sukari da hawan jini su rage farin burodi da lemun kwalba su koma ga hatsi, jikokin masu hatsin suna tara kuɗi don su gudu daga gare shi. Zanen aro ba ya rufe katara, balle wanda mai shi ya fara yarwa.

Ba a ce a rufe gidan kowa ba, ba a kuma ce yaro ya mutu bai ɗanɗani burga ba. Abin da ake nema a hannun malamai da ƙungiyoyi yake, kuma ba ya bukatar tallafin wata ƙasa. Malamin Hausa na iya tura ɗalibai wurin kakanninsu su rubuto yadda ake tukuɗi da dambu da miyar guro, da sunan kowane mataki, a tara a yi ɗan littafin makaranta. Malamin Faransanci na iya sa su fassara shi, su gane da kansu cewa akwai kalmomin da Faransanci ba shi da su. Malamin lissafi na iya ba su kuɗin burga ɗaya su auna tiya nawa na hatsi ko wake zai saya, da bakin mutum nawa zai ciyar. Malamin kimiyya na iya ajiye tuffar littafi ya shigo aji da zogala da magarya da aduwa. Ƙungiyar da ke shirya makon al'adu na iya yanke wa kanta doka cewa abin da za a ci a taronta daga kasuwar garin zai fito, a kawo shi cikin tsabta da kyan gani, a zaunar da manyan baƙi a gabansa. Ranar da ɗalibi ya ga perefe da daraktan makaranta suna shan fura a bainar jama'a ba tare da neman uzuri ba, an gama rabin aikin.

Iyalin Buza kuwa, da suka fito, sai suka nufi tasha shiru, ba mai ce wa wani uffan. Suna jiran mota ta cika, tsohuwa ta kwance bakin zanenta, ta kira wani mai kilishi, ta taya, ta rage, ta saya da kuɗinta. Ta aiki babban jikanta ya samo fura da nono a wurin wata Bafillatana da ta ga ƙwaryarta a rufe da faifai. Suka zauna a inuwar bedi. Ta yaga kilishin, ta fara miƙa wa mai BEPC babban yanki.

"Ungo, kishiya. Ke kika ci jarrabawa, ke za ki fara."

Yarinyar ta karɓa da hannu biyu. Uban ya tsuguna kusa da ita, suna karɓar ludayi ɗaya. Auta ya sha har ya yi gyatsa, barci ya kwashe shi a cinyar uwarsa tun mota ba ta tashi ba. Wayar yarinyar na cikin jaka, ba wanda ya tuna da ita. Hoton burgar ne ƙawayenta suka gani a daren, suka yi ta yabawa, wata ma ta ce ita ma sai babanta ya kai ta.

Allah ya sa malaminta ya riga babanta magana.